Kafin Ka Sayi Takalmin Ƙwallo, Tambayi Ƙafarka

Ƙannena masu buga ƙwallo, maza da mata, akwai wata ɗabi'a da kusan duk mai sayen takalmin ƙwallo yake yi a yau, ko a babban shago ne, ko a gaban tarin gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna. Yana ɗaukar takalmin sai ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗan cilla shi sama ya cafe. In ya ji shi sakayau kamar ba komai, sai fuskarsa ta washe, ya fara tambayar kuɗi. Hannu ya riga ya yanke hukunci tun ƙafa ba ta shiga ba, alhali kuwa ba hannun ne zai yi minti 90 a cikinsa ba. Nasihar da nake so in yi muku ɗaya ce, kuma zan kafa ta da hujja: rashin nauyi siffa ce mai kyau a takalmin ƙwallo, amma ita ce ta ƙarshe da ya kamata ku duba. Kafin ita akwai dacewar takalmin da surar ƙafarka, akwai dacewar haƙoransa da filin da kake takawa, akwai kuma yadda samansa yake isar maka da ƙwallo. Wanda ya jera waɗannan abubuwa a baibai, ya sa nauyi a gaba, to ya saya wa kansa bororo da baƙin farce da kuɗinsa.

Ya kamata mu fara da sanin yadda aka yi nauyi ya zama abin taƙama. Takalman da aka yi wasa da su a Ingila a farkon ƙarni na 20 na fata ne mai kauri, suna rufe idon sawu, kowane ɗaya ya kai wajen rabin kilo, in kuma ya sha ruwa sai ya ƙara. Rage wannan kaya ci gaba ne da babu mai musunsa. Amma ku lura da labarin da ya fi kowane shahara a tarihin takalmin ƙwallo, wato wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1954 a birnin Bern, inda Jamus ta Yamma ta doke Hungary da ci 3 da 2 cikin ruwan sama. Abin da aka fi tunawa da shi a takalman da Adi Dassler ya tanadar wa Jamusawa shi ne haƙora masu kwancewa, waɗanda aka sauya da dogaye saboda filin ya yi taɓo. Ke nan tun asali, dacewa da fili ce ta yi suna. Daga baya ne tseren rage nauyi ya kankama. Copa Mundial na Adidas da ya fito a 1979 ya ɗan haura gram 300. A 1998 Nike ta fito da Mercurial, wanda Ronaldo na Brazil ya sa a Kofin Duniya a Faransa. A 2010 Adidas ta kawo F50 adizero mai gram 165, wanda Messi ya sa a Afirka ta Kudu, nauyin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata ba. A 2015 Puma ta sauko har gram 103 da evoSPEED SL, Adidas kuma ta fitar da 'yan ƙalilan masu gram 99. Sai dai Puma da bakinta ta faɗa wa masu saye cewa nata takalmin na ranar wasa ne kawai, kuma ba a sa ran ya wuce wasa 10. Bayan wannan sai kamfanonin suka ja da baya, yawancin takalman gudu na yanzu suka koma wajen gram 180 zuwa 200. Masu ƙera abin da kansu sun kai bango sun dawo, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

Dalilin dawowar tasu ba ɓoyayye ba ne. Takalmi ba ya rasa nauyi sai an cire masa wani abu, kuma duk abin da aka cire yana da aikin da yake yi. Ana rage soson da ke kewaye da dunduniya, wanda shi ne yake rungumar bayan ƙafa ya hana gogayya. Ana sirantar da harshen takalmi, wanda shi ne yake kare gadon ƙafa daga cizon igiya. Ana mayar da shimfiɗar ciki kamar takarda, alhali ita ce take shiga tsakanin tafin ƙafa da haƙora. Ana maye gurbin fata da wata roba mai kaurin leda, a kuma rage faɗin ƙasan takalmin, musamman a tsakiya, domin duk milimita ɗaya da aka aske gram ne ya tafi. Shi ya sa yawancin takalman da ake tallatawa da sunan gudu suke fitowa a tsuke. Ga mai siririyar ƙafa wannan ba laifi ba ne, wataƙila ma abin da yake nema ke nan. Amma yaron da ya tashi yana yawo da silifas ko ƙafa ba takalmi, yatsunsa suka saba da bajewa yadda Allah ya halicce su, in ya cusa ƙafarsa cikin irin wannan ƙira, gefen ƙafar zai zubo ya wuce ƙasan takalmin, ɗan ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi. 'Yan gram ɗin da ya tsira da su a sikeli, da jikinsa zai biya su.

Mai musu zai ce ai kimiyya ta tabbatar da cewa takalmi mara nauyi ya fi gudu. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. Masu bincike kan gudun dogon zango sun daɗe da gano cewa duk gram 100 da aka ƙara wa kowane takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da kusan kashi 1 cikin 100. A 2016 masana a Jami'ar Colorado da ke Amurka sun ɓoye ƙarin nauyi a takalman 'yan tsere ba tare da sun sani ba, suka sa su gudun mita 3,000, kuma lokacinsu ya ƙaru da kusan wannan gwargwadon. To amma mu yi lissafin tare. Bambancin takalmi mai gram 165 da mai gram 220 gram 55 ne, nauyin ƙwan kaza ɗaya. A bisa wancan ma'auni ribar kusan rabin kashi 1 cikin 100 ce kawai. Ko da mun ɗauka lissafin ya shafi gudun mita 30 da ɗan wasan gefe yake yi cikin daƙiƙa 4, abin da zai samu bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan ɗan tsere a miƙe yake tafiya, shi kuwa ɗan ƙwallo tsayawa yake, ya juya, ya yanke, ya yi tsalle, ya sake zabura, sau ɗaruruwa a cikin kilomita 10 ko fiye da babban ɗan wasa yake ci a wasa ɗaya. A kowane juyi, in ƙafa ta zame a cikin takalmin kafin takalmin ya kama ƙasa, an yi asarar da ta ninka waccan ribar. In kuma dunduniya ta saɓule a minti na 30, sauran sa'a gudan da ɗingishi za a ƙarasa ta, ko da takalmin na auduga ne.

Saboda haka abu na farko shi ne dacewa, kuma dacewa ta fi lamba faɗi. Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma da wuya ka sami mutum biyu masu ƙafa iri ɗaya, kai ko mutum ɗaya ma sau da yawa ƙafarsa ɗaya ta ɗan ɗara ɗayar. Lambar da ke jikin takalmi tsawo kawai take faɗa. A lissafin Turai, tsakanin 42 da 43 kashi biyu cikin uku ne na santimita, a na Ingila kuma tsakanin 8 da 9 kashi ɗaya cikin uku ne na inci. Kamfanonin ma ba su daidaita ba: lamba 8 ta Ingila 42 ce a wurin Adidas, amma 42 da rabi ce a wurin Nike. Lambar ba ta gaya maka faɗin gaban takalmin ba, ba ta gaya maka tudun gadonsa ba, ba ta kuma gaya maka zurfin mazaunin dunduniya ba. Waɗannan uku suna fitowa ne daga samfurin ƙafar da aka ɗinka takalmin a kansa, kuma kowane kamfani, kowane iri ma, da nasa samfurin. Mercurial ya yi suna wajen tsukewa. New Balance kuwa takan fitar da wasu takalmanta kashi biyu, na daidai da na masu faɗin ƙafa. Mutum biyu masu lamba 42, ɗaya zai sa takalmi ya ji kamar da shi aka haife shi, ɗayan ya sa wannan takalmin ya ji kamar an sa masa mari. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa shaidar aboki a kan daɗin takalmi ba ta wadatar ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na biyu shi ne yadda takalmin yake sa ka ji ƙwallo, kuma a nan saman takalmi iri uku ne ke takara. Na roba mai siriri yana kawo ƙwallon kusa da fata, har ka ji kamar ba ka sa komai ba. In ka buga, ƙarar tana fita tas, ƙwallon ya tashi da kaifi. Ba ya shan ruwa, ba ya kuma buɗewa sosai, don haka yadda ka same shi ranar farko kusan haka zai zauna. Aibinsa shi ne ba ya rage komai: ƙwallo mai nauyin gram 410 zuwa 450 in an ɗirko maka shi da ƙarfi, ƙashinka ne zai karɓa, haka ma tafin wanda ya taka ka. Na fata, irin su Copa Mundial, Puma King na da, da Morelia na kamfanin Mizuno na Japan, yana da taushin da ke kwantar da ƙwallo in ka tare shi, kuma bayan 'yan wasanni sai ya ɗauki surar ƙafarka, ya bi duk wani tudu da kwari nata. Aibinsa shi ne yana shan ruwa, yana iya buɗewa har ya yi yawa, yana kuma son kulawa, domin in ka shanya shi a tsakar rana ko ka bar shi cikin ƙurar hunturu ba mai, zai bushe ya tsattsage. Fatar dabbar kangaru da aka fi yabo ma tana ƙarewa a kasuwa, tunda Nike da Puma sun sanar a 2023 cewa za su daina aiki da ita. Na uku shi ne na saƙa, wanda ya bazu daga 2014 lokacin da Mario Götze ya ci ƙwallon da ya ba Jamus Kofin Duniya sanye da takalmin Magista. Shi kamar safa yake a laushi, amma laushin nan shi ne rauninsa, domin in ba a ƙarfafa gefensa ba, ƙafa takan yi iyo a ciki lokacin juyi. Cikin ukun nan babu sarki. Ɗan tsakiya mai tare ƙwallo da rabawa zai iya fifita fata, mai zabura a gefe ya fifita roba, amma sharaɗin duka ɗaya ne: in ƙafa ba ta zauna daram ba, duk wannan bayani ya tashi a banza, domin yatsan da ke ciwo ba ya jin ƙwallo, ciwonsa yake ji.

A nan ne wata gurguwar fahimta take shigowa, wadda ta yaɗu a tsakanin matasa: wai takalmin ƙwallo sai ya matse, a sayi wanda ya gaza da lamba ɗaya, zai buɗe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin takalmin ƙwallo bai kamata ya yi sako-sako kamar na zuwa biki ba. Amma kamawa daban, matsewa daban. Takalmin da ya kama shi ne wanda ya rungumi dunduniya da tsakiyar ƙafa, ya bar yatsu a miƙe suna iya motsi, da ɗan sarari kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya a gaban yatsan da ya fi tsawo. Wanda ya matse kuwa yana tanƙwara yatsu, yana danne farce har jini ya taru a ƙarƙashinsa ya yi baƙi ya faɗi, ko gefen farcen ya shige cikin tsoka. Zancen buɗewa kuma ya samo asali ne tun zamanin fata. Fata tana buɗewa ta gefe, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo, domin ƙasansa ba ya miƙewa. Roba kuwa ko ta gefen ma kaɗan take bayarwa. Wanda ya sayi ƙaramin takalmin roba yana jiran ya buɗe, ƙafarsa ce za ta sauya sura kafin takalmin ya sauya. Ku kuma tuna ƙafa tana kumbura da zafi da gudu, takalmin da ya matse da safe a inuwar shago, da la'asar a tsakiyar fili azaba zai zama.

Abu na uku, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne ƙasan takalmin. A jikin kwali ko harshen takalmi za ku ga wasu haruffa. FG na ciyawa ce ta gaske mai ɗan tauri. SG na ciyawa mai laushi da taɓo ne, haƙoransa kaɗan ne, dogaye, galibi masu kan ƙarfe. AG na ciyawar roba ne, haƙoransa gajeru ne masu yawa. TF kuma ƙasansa roba ce mai ƙananan ƙuraje birjik. Hikimar haƙori ita ce ya nutse cikin ƙasa, tafin takalmin ya zauna a kanta, nauyin jiki ya bazu. Yawancin takalman gudu masu tsada da ake gani a talabijin FG ne, an yi su domin filayen Turai da ake shayarwa kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci. Yanzu ku kawo wannan takalmin filin makarantar firamare a Katsina ko Maraɗi a watan Maris, inda ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Haƙoran ba za su nutse ba. Ɗan wasa zai tsaya ne a kan 'yan ƙusoshi goma sha, kuma a duk taku na gudu, nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko uku zai sauka a kan waɗannan 'yan wurare, ta cikin shimfiɗar da aka riga aka sirantar. Daga nan ne zafin tafin ƙafa da ciwon dunduniya suke farawa, ga kuma saurin targaɗe, tunda ƙafar a ɗage take. A kan ciyawar roba, irin wadda ake shimfiɗawa a ƙananan filayen haya da suka yawaita a biranenmu, matsalar ta juya: dogon haƙori mai faɗi yana cafke kafet ɗin ya ƙi saki, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba, gwiwa ta ɗauki murɗar. Ga mai wasa a busasshiyar ƙasa ko kafet, takalmin TF ko AG, duk da ya fi nauyi kuma bai kai wancan ƙyalli ba, shi ne abokin tafiya.

Na san abin da za ku ce: in haka ne, me ya sa manyan 'yan wasan duniya suke sa marasa nauyin? Amsar kashi uku ce. Da farko, abin da ke ƙafar tauraro ba lallai ne ya zama irin wanda ke shago ba, ko da launinsu ɗaya. Nike tana da wurin aiki a garin Montebelluna na Italiya inda ake ɗinka wa manyan 'yan wasanta takalma daidai da ƙafafunsu, a faɗaɗa wa wannan, a ƙara wa wancan soso, a sauya wa wani haƙora. Na biyu, tauraro biyansa ake yi ya sa, kuma in takalmi ya yage yau, gobe wani na jiransa. Na uku, ko a cikinsu ma wanda ya san ciwon kansa ba ya bin yayi. Toni Kroos ya riƙe iri ɗaya, farin Adipure 11pro na fata, tun daga 2013 har ya yi ritaya a 2024. A cikinsa ya ci Kofin Duniya, a cikinsa ya ɗauki Kofin Zakarun Turai sau biyar da Real Madrid, alhali kamfanin ya daɗe da wuce wannan samfurin, ya fito da sababbi masu sauƙi iri-iri. Mutumin da sana'arsa ita ce ajiye ƙwallo daidai ƙafar abokinsa daga mita 40 ya ga cewa sabo da dacewa sun fi masa 'yan gram. Ga kuma wata hujja daga ɓangaren mata: binciken da Ƙungiyar Kulob-kulob ta Turai ta fitar a 2023, wanda ya tambayi 'yan wasa mata kusan 350 na manyan ƙungiyoyi, ya nuna kashi 82 cikin 100 nasu suna jin takura a takalmansu, dunduniya ce kuma wurin da aka fi kuka da shi. Dalili shi ne an daɗe ana ƙera takalman a kan samfurin ƙafar namiji. Waɗannan mata ba su rasa kuɗi ko zaɓi ba, mafi tsada suke sawa. Tsada da suna ba su hana takalmi cizo in ba a yi shi domin irin ƙafarka ba.

Akwai kuma batun rauni, kuma a nan dole a yi adalci. David Beckham ya karya ɗaya daga cikin dogayen ƙasusuwa biyar na gadon ƙafa a watan Afrilun 2002, Wayne Rooney ya karye a wannan sashen a 2004 da 2006, Neymar ma a 2018 da 2019. Duk lokacin da irin wannan ta faru sai a ɗora laifin a kan siraran takalma. Bai kamata mu yi saurin yanke wannan hukunci ba, domin karayar Beckham daga mummunar keta ta zo, kuma babu fatar da za ta tare nauyin ƙato in ya sauko da haƙoransa a kan ƙafarka. Wanda ya ce muku takalmi mai nauyi garkuwa ne daga karaya ya faɗi abin da ya fi ƙarfin takalmi. Raunin da zaɓen takalmi yake da hannu dumu-dumu a cikinsa shi ne ƙaramin nan na kullum, wanda ba ya shiga labarai: bororo, kanta, mataccen farce, zafin tafi, ciwon jijiyar bayan dunduniya. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne suke hana yaro atisaye na mako guda, su sa ya sauya takunsa don kauce wa ciwo, ciwon ya koma gwiwa ko ƙugu. Yara masu shekara 8 zuwa 14 sun fi kowa shiga haɗari, domin ƙashin dunduniyarsu bai gama haɗewa ba, kuma takalmi mai haƙora mara soso a kan ƙasa mai tauri yana tsananta musu ciwon wurin. Yaron da ke ɗingishi bayan kowane wasa yana riƙe da dunduniya ba ragwanci yake yi ba, jiki magayi ne, a duba takalminsa, in ciwon ya ƙi tafiya a kai shi asibiti.

Musu na ƙarshe shi ne ya fi kowane nauyi, kuma shi ne na mafi yawanku: duk wannan zance na mai zaɓi ne, mu kuwa abin da muka samu a gwanjo shi muke saye. Ina jin wannan, amma ku duba da kyau, nasihar nan ta fi amfanar mai ƙaramin ƙarfi a kan mai hali. Mai kuɗi in ya yi kuskure gobe zai sayi wani. Wanda ya yi wata uku yana tara kuɗin takalmi ɗaya shi ne bai kamata ya sayi wanda aka ƙera don wasa 10 ba. Kuma sa'ar da aka yi ita ce, siffofin da nake faɗa ba su ne masu tsada ba. Kowane kamfani yana fitar da iri ɗaya hawa-hawa, kuma na ƙasa-ƙasan sau da yawa ya fi na saman kauri, faɗi da juriya. A tarin gwanjo ma akwai zaɓi ga mai ido: tsohon takalmin fata mai lafiyayyen ƙasa ya fi sabon jabu mai ƙyalli da sunan tauraro a jiki, wanda sauƙinsa na rashin kayan kirki ne, kyan ɗan maciji kawai. Ka duba ko haƙoran sun cinye ta gefe ɗaya, ka matsa bayan dunduniyar ka ji ko ta karye, ka tanƙwara takalmin ka ga ko a gindin yatsu yake lanƙwasa ko a tsakiya, ka leƙa inda sama ya haɗu da ƙasa ko ya fara ɗagowa. In ɗagowar kaɗan ce, shumeka zai ɗinke maka ita da kuɗi kaɗan. Kada kuma iyaye su saya wa yaro wanda ya fi shi da lamba biyu wai don ya girma a ciki, domin ƙafar da ke yawo a takalmi ita ma bororo take yi, kuma tana koya wa yaro mummunan taku. Ku tuna tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949, su Teslim Balogun, yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, kuma suka ci ƙungiyar Marine 5 da 2 a wasansu na farko. Ban kawo wannan don ku tuɓe takalma ba, dokar wasa ma yanzu ta wajabta sa su. Na kawo shi ne don ku san gwaninta a ƙafa take zaune, aikin takalmi shi ne ya kare ta, kada ya shiga tsakaninta da aikinta.

Saboda haka in ranar saye ta zo, ku tafi da yamma, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, da safar da kuke wasa da ita. Ka sa duka biyun, ka ɗaure igiya kamar za ka shiga fili, ka miƙe tsaye, domin ƙafar mai zaune ba ta faɗin gaskiya. Ka ɗaga dunduniya ka tsaya a kan yatsu: in bayan ƙafar ya zame sama, wannan bororo ne ke jiran ranarsa. Ka taka da ƙarfi gefe da gefe ka ji ko ƙafar tana zubowa. Ka zaro shimfiɗar ciki in tana fita, ka ɗora ƙafarka a kai, duk inda ƙafar ta wuce bakinta, nan ne takalmin zai cije ka. Ka ɗan jima da shi a ƙafa ko da mai kaya yana ƙorafi, sai an gwada akan san na ƙwarai. In ka saya, kada ka fara sa shi a wasan gasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa shi a atisaye na ɗan lokaci sau uku ko huɗu tukuna. Ban hana ku son kyau ba, na san matashin da ya sa takalmin da yake so yakan ji ƙarfin gwiwa, kuma wannan ma wani abu ne a wasa. In takalma biyu sun zauna maka daidai, duka sun dace da filinka, to a nan ne za ka ɗora su a tafin hannu ka zaɓi wanda ya fi sauƙi ko wanda launinsa ya fi burge ka, ba mai ganin laifinka. Abin da nake roƙo shi ne hannu da ido su jira ƙafa ta gama magana. Takalmin da ya fi kowane tsada ma shekara ɗaya ko biyu zai yi a jefar, ƙafafun nan biyu kuwa da su za ka je masallaci, da su za ka je kasuwa da gona, shekaru da yawa bayan ka rataye takalmin ƙarshe.